Kyautar da Ta Kori Tattabarun Belmiro

A garin Ovar, a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wata mata mai shagon kek da ake kira Dona Odete. Mace ce mai sakin hannu da son mutane, ba a shiga shagonta da yunwa a fito da ita. Sai dai tana da wani hali da duk layin ya sani, ita kaɗai ce ba ta san tana da shi ba: Odete ba ta sauraro. In ka fara magana, kafin ka kai tsakiya ta ƙarasa maka, ta ba ka amsa, ta shiga wani zancen. A ganinta ta fi kowa sanin abin da mutum yake so, har da shi mutumin.

Wajen kyauta abin ya fi fitowa fili. In aka yi aure ko haihuwa a unguwa, kyautar Odete ce ake ɗagawa ana nuna wa baƙi. Mata kan zo shagon takanas su tambaye ta abin da za su saya wa uwar miji ko ɗan da ya gama makaranta, ta ba su amsa ko ɗago kai ba ta yi daga ƙwan da take kaɗawa ba. Sau da yawa kuma takan dace. Yabon da ake mata ya hau kanta ya zauna daram.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta a duniya, shi ne mijinta Belmiro.

Belmiro tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, dogo, siriri, mai sanyin hali. In aka yi masa tambaya sai ya shafa haɓa, ya dubi ƙasa, ya ja numfashi, kafin ya buɗe baki Odete ta riga ta amsa sau biyu. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, gidan kofi ma sai jefi-jefi. Duk duniyarsa tana bayan gida, a wani ɗakin tattabaru da ya haɗa da hannunsa tun suna sabon aure, da tsofaffin katakai da kwano mai tsatsa. Tattabarun tsere yake kiwo. In lokacin tsere ya zo, motar ƙungiyar masu kiwon kan kwashe tattabarun garin ta kai su can kudu ta sake su, masu su kuma su zauna a bayan gida ranar Lahadi suna kallon sama, kowa na fatan tasa ta riga dawowa.

Shekara da shekaru Odete tana fama da kyautar wannan mutumin. Ta saya masa agogo, ta saya masa kwat mai tsada, ta saya masa injin haɗa kofi, har da wayar zamani wadda bai taɓa gane inda ake kunna ta ba. Kowane lokaci yakan karɓa da hannu biyu, ya sumbace ta a goshi, ya ce, "Ya yi kyau, Odete. Na gode." Washegari kayan su shiga durowa, shi kuma ya koma cikin tsohuwar suwaitarsa mai faci a gwiwar hannu.

Ba wai ba ta tambayarsa ba ne. Tana tambaya.

"Tsoho, me kake so bana?"

Sai ya shafa haɓa. "To, ni dai da a ce..."

"Kada ka ce mini ba ka son komai, na gaji da jin wannan. Takalmi. Na ga naka ya fara buɗe baki. Baƙi ko ruwan ƙasa? Ruwan ƙasa ya fi yi maka kyau."

"To, ruwan ƙasa," in ji Belmiro.

Shekarar da zai cika saba'in, maƙwabciyarsu Dona Zulmira ta shigo shago ta tarar Odete tana ba wata amarya shawarar abin da za ta saya wa ango. Zulmira ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kuma bakinta ba shi da linzami.

"Ki saurare ta da kyau, 'yata," Zulmira ta ce wa amaryar. "Duk garin nan babu wanda ya san kyauta kamarta. Nata mijin ne kawai take bari yana yawo kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye a gona."

"Ke Zulmira, ki kiyaye ni."

"Ƙarya na yi? Ina kwat ɗin bara? Ko asu kika saya wa ya ci?"

Aka yi dariya, Odete ma ta yi, amma maganar ta soke ta. Ta yini tana juya ta a rai. Da yamma tana wanke-wanke ta leƙa ta tagar kicin, ta ga Belmiro a tsaye gaban ɗakin tattabarunsa yana kaɗa gwangwanin masara, ɗakin kuwa ya karkace gefe guda kamar zai durƙusa. Nan take ta ga ta gano bakin zaren. Kuskurenta shi ne tana saya masa abin da bai dame shi ba. Tunda tattabaru ne a ransa, to za ta gina musu ɗakin da babu irinsa a Ovar. Har ta fara hango fuskar Zulmira.

Sai ga dama ta zo da kanta. Yanar ido ta rufe wa Belmiro idon dama, likita ya sa ranar aiki a Porto, 'yarsu Lidia da ke aure a can kuma ta ce sai dai ya zauna wurinta har idon ya ɗan warke. Aka tsara zai dawo gida ranar bikin haihuwarsa.

Ranar tafiya ya kai Odete bayan gida yana nuna mata abubuwa.

"Ruwa safe da yamma. Masara kuma da wannan gwangwanin nake zuba musu. Abu ɗaya nake so ki riƙe, Odete, ita tattabara ba kamar kaza ba ce, ita wuri take..."

"Na sani, na sani. Shekara nawa ina ganinka kana yi? Wuce ka shiga mota, yarinyar nan tana jira."

Motar Lidia ba ta gama fita daga gari ba Odete ta kira magina. Washegari aka zuba tattabarun a kwanduna aka fara aiki. Sabon ɗakin ba a bayan gida ta sa aka kafa shi ba, a can gaba ne kusa da katanga, inda duk mai wucewa a titi zai gani. Aka shafa masa fenti fari da shuɗi, aka sa masa tagogin gilashi da jan rufi irin na gidan mutane. Tsohon kuwa ta ce a rushe shi a kwashe itacen, a share wurin, nan za a jera teburan biki.

Ƙarar guduma ce ta fito da Firmino mai aski daga shagonsa da ke tsallaken titi. Abokin Belmiro ne a ƙungiyar tattabaru tun suna samari. Ya shigo da almakashi a aljihun riga, ya tsaya yana kallon rabin ɗakin da ya rage.

"Dona Odete, Belmiro ya san da wannan?"

"In ya sani ai ba ta zama kyauta ba, Senhor Firmino."

"To don Allah ki bar sauran a tsaye tukuna. Kuma in kin zuba su a sabon, kada ki kuskura ki..."

"Zan ba su ruwa, zan ba su masara, ba yau na fara ba. Ungo kek mai zafi ka kai wa matarka. Kuma in na ji ka faɗa masa a waya, ba ni ba kai."

Firmino ya tsaya da kek a hannu, ya buɗe baki, ya ga ta riga ta juya tana yi wa magina faɗa kan fenti. Ya girgiza kai. Da zai fita ya sunkuya a kan tarin itacen ya zaro wani tsohon katako mai faɗi, wanda tattabarun ke sauka a kai kafin su shiga ɗaki, ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da shi. Odete ta ɗauka itacen wuta yake so.

Ta kasa haƙuri, ta faɗa wa Lidia a waya.

"Mama, kin tambaye shi kuwa?"

"Ubanki ne, amma mijina ne. Na riga ki saninsa."

Ranar biki gidan ya cika. 'Yan'uwa sun zo daga ƙauye, maƙwabta sun shigo da kujerunsu, ana gasa kifi a kan garwashi hayaƙi na tashi, rediyo na kiɗa. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya gaban sabon ɗakin ya yaba. Zulmira kanta ta zagaya shi ta ce, "To, wannan karon kin rufe mini baki." Odete ta ji kamar ta yi tsalle.

Da Lidia ta kira ta ce sun shigo gari, sai wata dabara ta faɗo wa Odete. Me ya fi kyau irin Belmiro ya sauko daga mota ya ga tsuntsayensa suna shawagi a kan sabon gidansu? Firmino bai iso ba tukuna, yana gama wa wani aski. Ta je ta buɗe ƙofar ɗakin gaba ɗaya.

Tattabarun suka fito a guje kamar an watsa ruwa. Suka zagaya saman gidan, suka sake zagayawa, mutane na tafi. Sai suka sauko. Amma ko kallon sabon ɗakin ba su yi ba. Bayan gida suka nufa, daidai inda tsohon ɗakin yake a da, suka miƙa ƙafafu za su sauka a kan katakon da suka saba. Babu katako. Suka riƙa kaɗa fukafukai a cikin iska a wuri guda, a saman teburan, suna neman abin da babu. Wata ta faɗo cikin farantin kifi, yara suka yi ihu, wani ya kaɗa hula. Tsuntsayen suka firgita suka yi sama, suka dawo, suka sake firgita. Ana cikin haka shaho ya ratso ta wajen tashar jirgi ya shiga tsakiyarsu. Garken ya tarwatse, kowace ta kama gabanta.

Daidai lokacin motar Lidia ta tsaya a ƙofa.

Belmiro ya fito da baƙin tabarau a fuska, Lidia na riƙe da hannunsa. Wani ya kashe rediyo. Ya dubi sabon ɗakin da ƙofarsa a buɗe, babu ko tsuntsu ɗaya a ciki. Ya taka a hankali zuwa bayan gida, mutane na ba shi hanya, ya tsaya a filin da aka share. Ya daɗe a tsaye. Odete ta biyo shi.

"Tsoho, na ce ne... na ga wancan ya tsufa... za su dawo, ko?"

Ya shafa haɓa. Ya juyo ya sumbace ta a goshi.

"Ya yi kyau, Odete. Na gode."

Ta sha jin wannan maganar daga bakinsa. Ranar ce ta fara jin abin da ke cikinta. Muryarsa ba ta canja ba ko kaɗan, irin ta ranar agogo ce, irin ta ranar kwat. Nan ta gane cewa duk shekarun nan mutumin ba murna yake yi ba, haƙuri yake yi.

"Ina gwangwanina?" ya tambaya.

"Na saya maka sabuwar roba mai murfi."

"Ƙarar gwangwanin suka sani."

Odete ta tuna ta jefar da gwangwanin a shara. Da rigar bikinta da takalminta mai tsini ta fita titi zuwa babban kwandon shara na bakin layi, ta naɗe hannun riga ta shiga tono. Zulmira ta biyo ta ta riƙe mata murfin, kuma ko kalma ɗaya ba ta furta ba, abin da ba a taɓa gani ba a layin. Can ƙasa, ƙarƙashin ɓawon ƙwai da kawunan kifi, ta samo shi. Kafin ta dawo baƙi sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kek ɗin bikin yana kan tebur ba a yanka ba.

Firmino ya iso da katakon a kafaɗa. Shi ya ƙarasa mata maganar da ta katse masa: tattabara wuri take riƙewa, in aka sauya mata ɗaki sai a kulle ta na makonni tana leƙen waje ta waya har idonta ya saba, sannan a sake ta. Bai faɗa da zafi ba. Ya kafa katakon a kan wasu ganguna daidai tsayin da yake a da, ya haɗa ɗan keji mai ƙofar tarko a bayansa. Duk wadda ta sauka ta shiga, sai a ɗauke ta a kai sabon ɗaki a kulle.

Amma akwai matsala. Lidia ta tsaya kai da fata a kan umarnin likita.

"Baba, ba kallon sama, ba ƙura, ba sunkuyo. In idon nan ya lalace ba za a sake maka wani ba."

"To wa zai duba mini su?"

"Ni," in ji Odete.

Ta bar wa Zulmira shago, duk da ta san rabin kek ɗin a cikin Zulmira zai ƙare. Kowace safiya da kowace yamma ta fito da kujera ta zauna kusa da Belmiro a ƙarƙashin itacen ɓaure. Shi yana kallon ƙasa yana kaɗa gwangwani yana ɗan fito da baki a hankali, ita kuma tana kallon sama.

Ranar farko wata ta sauko har bakin katakon. Odete ta miƙe tsaye tana nunawa tana kiran sunansa da ƙarfi, tsuntsuwar ta tashi ta koma rufin coci. Haka ta sake faruwa da yamma.

"Odete," in ji Belmiro, "su fa ba sa..."

"Na sani, yunwa ce ba ta kama su ba, gobe..."

"Ki bari in gama."

Bai ɗaga murya ba, amma tunda suka yi aure bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta yi tsit.

"Ba sa sauka inda ake hayaniya. In kin ga ɗaya, ki taɓa mini gwiwa. Sai ta shiga sannan ki faɗa mini kamanninta, a hankali."

A duk rayuwarta Odete ba ta taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Ta ɗauki buhunan fulawa, ta tsaya gaban murhu a tsakiyar zafi, amma zama shiru ya fi su duka. Harshenta har ƙaiƙayi yake yi. Ta riƙa cizon leɓe tana matse hannu a cinya. Da yamma ta biyu wata ta sauka, ta yi 'yan taku a kan katakon, ta leƙa, ta shige. Odete ta taɓa gwiwarsa.

"Ruwan toka ce," ta raɗa masa, "da fari a fiffike ɗaya."

"Na hagu?"

"Na hagu."

"Esmoriz ce. Kullum ita ce ta farko wajen ci."

Ashe duk suna da suna. Sunayen tashoshin jirgin da ya yi aiki a cikinsu ya raɗa musu: Esmoriz, Granja, Espinho, Cacia. Kowace da halinta. Wannan matsoraciya ce, wancan mafaɗaci ne, waccan ta taɓa dawowa daga kudu da rauni a ƙirji amma ba ta tsaya a hanya ba. Da yake yanzu babu mai katse shi, sai Odete ta ga ashe mijinta yana da labari. Jinkirin farawa kawai yake da shi. In aka bar shi ya gama shafa haɓarsa, magana takan fito, wani lokaci har da barkwancin da ke sa ta toshe baki da gyale kada dariyarta ta kori tsuntsu.

A hankali suka riƙa dawowa, yau biyu, gobe ɗaya, jibi babu. Wasu daga rufin coci, wasu daga rumbunan tashar jirgi. Mafi yawansu sun shiga hannu. Amma duk lokacin da ta taɓa gwiwarsa, tambaya ɗaya yake fara yi: "Ja ce, mai farin kai?" Ita kuma ta ce a'a.

Wata yamma Firmino ya shigo da hularsa a hannu. Ya ciro hankici daga aljihu ya buɗe a tafin Belmiro. Ɗan zoben da ake sa wa tattabara a ƙafa ne. A gefen layin dogo ya tsince shi, tare da jajayen gashin da shaho ya bari. Ya dafa kafaɗar abokinsa ya fita.

Belmiro ya daɗe yana juya zoben da yatsa.

"Wace ce?" Odete ta tambaya, ta kuma jira.

"Avanca. Ta tsufa, ba ta da saurin da za ta tsere masa. Rabin waɗanda ke ɗakin nan 'ya'yanta ne da jikokinta." Ya ja numfashi. "Uwarta ma Avanca nake kiranta, kakarta ma haka. Duk wadda ta fi kyau a garken ita ke gadon sunan."

"Me ya sa Avanca? Ai ƙaramar tasha ce."

"Can na fara ganinki. Kina sayar da kek ɗin mamarki ta tagar jirgi, kina yi wa wani soja faɗa don ya taɓa bai saya ba. Na ce a raina, wannan yarinyar in ta shiga gida ba za a taɓa yin kaɗaici ba."

Odete ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai isarta. Bai hana ta ba, hannunta kawai ya riƙe. Da ta sami kanta ta ce, "Ka yafe mini, Belmiro. Ba don kai na gina ɗakin nan ba. Don a ce Odete ta iya na gina shi."

"Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni ma na ga 'na gode' ta fi sauƙi, sai na ɓuya a bayanta."

"To yanzu ina tambayarka, kuma ba zan ce uffan ba sai ka gama. Me kake so?"

Ya shafa haɓa. Ya dubi ƙasa. Ya ja numfashi. Odete ta riƙe bakinta da hannu biyu, abin da ya sa shi murmushi.

"Ranar Lahadi in suna dawowa daga tsere, kowa a ƙungiya yana da wanda zai ce wa 'ga ta nan'. Firmino yana da matarsa. Wasu suna da jikoki. Ni sai dai in faɗa wa ɓauren nan, shi kuma bai cika ba da amsa ba. So nake ki rufe shago rabin yini ki zauna da ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Na sha farawa," in ji Belmiro.

Idonsa ya warke sarai. Tattabarun suka yi zamansu a kulle har suka saba da sabon ɗakin, kuma Belmiro da bakinsa ya yarda cewa rufin ba ya yoyo, ko da yake ya ce fentin ya yi wa tsuntsu yawa. Wasu dai ba su dawo ba har abada, kuma Odete ba ta taɓa yin kamar ta manta da haka ba.

Da lokacin tsere ya zagayo, Lahadin farko aka ga shagon kek a rufe tun hantsi. Mutanen da suka fito daga coci suka yi ta ƙwanƙwasawa a banza. Odete tana cikin gida a kujera kusa da mijinta, kanta a sama, wuyanta har ya ƙage. Ita ta fara hangowa, wani ɗan ɗigo can wajen kudu da ke ƙara girma. Ta damƙi gwiwar Belmiro da ƙarfin da ya sa shi cije baki, amma ba ta yi ko tari ba. Tsuntsuwar ta zagaya sau ɗaya, ta naɗe fukafukai, ta sauka, ta tsaya tana haki. Belmiro ya kaɗa gwangwani a hankali. Ta shige.

Sai a lokacin ya juyo ya dubi matarsa, fuskarta ta yi jawur don riƙe magana.

"To, tsohuwa," ya ce, "yanzu kina iya yi."

Ihun da Odete ta yi ranar, Firmino, wanda aiki ya tsare a shagon aski, ya rantse har ya sa shi yanke wa wani kunne.

Darasi: Kyauta ba ta farawa daga kasuwa, daga sauraro take farawa. Mutumin da muke cewa yana da wuyar saya wa abu, sau da yawa ya sha ƙoƙarin faɗa mana abin da yake so, mu ne ba mu bar shi ya kai ƙarshen maganarsa ba. Duk kyautar da aka yi don jama'a su yaba wa mai bayarwa, ba ta mai karɓa ba ce, kuma tana iya rushe abin da kuɗi ba zai mayar ba. Kafin ka taɓa abin da abokin zamanka yake ƙauna, ka tambaye shi, ka yi shiru har ya gama. Shi kuma wanda ake yi wa kyauta kada ya ɓoye gaskiyar ransa a bayan godiya, domin shirun da ake yi don gudun ɓata rai yakan jawo ɓacin ran da ya fi girma.